Kilit ɗin takalmina ya cinye, SH51 zan saya ko SH56?

Ɗan Tudun Wada:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu hawan keken dutse ina neman shawara. Fedata Shimano M520 ce, irin mai kama takalmi ɗin nan, amma ɗan ƙarfen ƙasan takalmin wato kilit a jikin takalmin na same shi tun da na saya a gwanjo, ban ma san wa ya ƙera shi ba. Yanzu ya suɗe sosai, jiya a wajen duwatsun Shere ina tsaka da hawa tudu sai ƙafar dama ta fice da kanta, na zo in sauke ta hagu ita kuma ta ƙi fita, haka na kife kamar buhun masara a gaban wasu yara masu kiwo, wallahi har da mai riƙe ciki don dariya. Na leƙa intanet na ga kilit iri biyu na Shimano, SH51 da SH56, meye bambancinsu?

Abu Hafsat:
Wa alaikumus salam, sannu ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Duk biyun za su shiga fedarka. SH51 baƙi ne kuma hanyar fitarsa ɗaya ce, sai ka murɗa diddige waje. SH56 fari-fari ne da harafin M a jikinsa, shi ko sama ka fizgo diddigen a karkace zai sake ka, shi ya sa ake ba sabon shiga. Amma kai da kake hawan tudu kana jan feda da ƙarfi, wannan sauƙin nasa shi ne zai maimaita maka abin jiya. Ni dai SH51 nake sawa, in kana tsoron maƙalewa ka sassauta sifirin ɗin fedar da alanki mai lamba 3, akwai alamar + da - a wurin, kuma feda fuska biyu gare ta kar ka juya ɗaya ka manta ɗaya.

Injiniya_Kd:
Abin da Malam Abu ya faɗa haka yake. Ƙarin da zan yi, kafin ka kwance tsohon ka samu alƙalamin maka ko biro ka zagaye shi a ƙasan takalmin, sabon ya zauna daidai inda na da yake. Ni na taɓa canzawa ban yi haka ba, ya ɗan karkace kaɗan kawai, sati biyu gwiwata na ciwo ina ta zargin sirdi ashe ba ruwansa. Notin biyu ne, alanki mai lamba 4, ka shafa musu giris kafin ka ɗaure, in kana da abin auna ɗauri 5 zuwa 6 Nm (newton-mita, ma'aunin ƙarfin ɗauri) ake so. Bayan fita ta farko ka sake ɗaurewa, don in noti ɗaya ya faɗi kilit ɗin juyawa zai dinga yi tare da fedar, sai dai ka cire ƙafa ka bar takalmin a rataye.

Mai Sarƙa:
Kuma a kula wajen oda, kilit ɗin SPD-SL daban ne, na keken titi ne mai noti uku, ba zai hau takalminka ba. Na kamfanin Crankbrothers ma noti biyu ne amma ba ya shiga fedar SPD, wato irin taka.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. SH51 ɗin zan nema. Sai dai oga Injiniya yanzu na gwada kwancewa, kan notin ya toshe da jar ƙasa ta daskare kamar siminti, alankin ma ya ƙi zama.

Injiniya_Kd:
Kar ka matsa masa zai cinye kan. Samu allura ko ƙaramar ƙusa ka ƙwaƙule ƙasar tas, ɗiga masa mai ya kwana, da safe ka sa alankin ka ɗan buga shi da guduma ya shige har ƙasa sannan ka juya. In ya ƙi sai ka kai wa mai walda ya huda kan notin da diril.