Neman shawara: taron zumuncin dangin maigidana da asalinsu na Jamus

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Dangin maigidana za su yi taron zumunci a Lancaster, jihar Pennsylvania, kuma surukata ta ɗora min aikin haɗa salsalar gidan. Abin da ke hannunmu kaɗan ne: tsohon Baibul mai sunaye a bangonsa, da labarin cewa kakansu na farko ya zo daga Jamus tun Amurka ba ta samu 'yanci ba. Ta ina zan fara? Ba na son in ba ta kunya.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kafin ki taɓa kwamfuta je ki zauna da tsofaffin gidan, ki kunna waya ki naɗi muryarsu. Ni kakata ta rasu da sunayen kakanninmu a bakinta, kullum ina cewa sai na samu lokaci. Har yau abin na ci min rai.

Malamin Tarihi: Hajiya ta yi gaskiya. Bayan nan sai ki bi baya sannu a hankali. Ƙidayar Amurka ta 1850 ce ta fara rubuta sunan kowane mutum mai 'yanci a gida, ta 1790 sunan maigida kawai ta ɗauka. Ta 1890 kuwa kada ki wahalar da kanki, yawancinta gobarar 1921 ta lalata. Idan kakan ya sauka a Philadelphia ne kin yi sa'a, domin tun 1727 aka wajabta wa masu jiragen ruwa miƙa sunayen baƙi, kuma maza masu shekara 16 zuwa sama suna rantsuwar biyayya su sa hannu. An tattara waɗannan takardu a littafin Pennsylvania German Pioneers na Strassburger da Hinke, bugun 1934. Ranar da na raka wani abokina ya ga sa hannun kakansa a ciki, tawada ta ɗan tsiyaya a ƙarshen sunan, shiru ya yi ya kasa magana.

Maman Biyu: Malam, na gode. Amma a Baibul ɗin maza uku a jere duk Johann ne, na rikice.

Malamin Tarihi: Al'adarsu ce. Kamar yadda gida guda zai tara Muhammadu Sani da Muhammadu Bello, su ma suna na biyu ake kiran mutum da shi. Ki kuma lura da sunan gidan: Müller ya koma Miller, Schneider ya koma Snyder, wasu Zimmermann ma fassara sunan aka yi ya zama Carpenter.

Ɗan Jamus: Anti, ni a nan Jamus nake zaune, kuma abu ɗaya zan jaddada. "Daga Jamus" ba adireshi ba ne, ƙasar sai 1871 ta haɗe. Sunan ƙauyen ake nema, domin haihuwa da aure a littattafan cocin garin aka rubuta. Da yawa daga yankin Pfalz suka fito, suka bi kogin Rhine zuwa Rotterdam suka hau jirgi. In kin samu ƙauyen, shafin intanet na Archion na da littattafan cocin Furotesta amma ana biya, shafin Matricula na Katolika kyauta ne. Rubutun hannun dā, Kurrent, yana da wuyar karantawa. Turo min hoto in gwada.

Kawun Yara: Shafin binciken salsala na FamilySearch ma kyauta ne, sai dai kada ki kwafi salsalar da wasu suka ɗora ba tare da takarda ba. Na taɓa ɓata wata biyu ina bin wani mai suna irin na surukina, ashe ba dangi ba ne. A duba duwatsun kaburbura a tsohon cocinsu, wasu suna ɗauke da sunan garin haihuwa.

Hajiya Babba: Ranar taron ki manna babbar takarda a bango, ki bar gurabe da biro a gefe. Za ki ga tsohuwa ta taso tana gyara miki.

Maman Biyu: Allah ya saka da alheri. Na kira surukata, ta ce yayarta mai shekara 91 tana da akwatin wasiƙu a ƙarƙashin gado. Asabar za mu je.

Ɗan Jamus: Ki ɗauki hoton ambulan ɗin ma, gaba da baya. Hatimin gidan waya kan nuna garin.