Tsohuwar matata za ta tafi da 'yarmu Jidda, wace hanya shari'a ta ba ni?

Abu Hafsa, Katsina:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana da ke wannan zaure. Shekara 2 ke nan da rabuwarmu da matata, auren Musulunci ne, kuma akwai 'ya ɗaya tsakaninmu mai shekara 6, tana hannun uwarta a nan cikin gari. An ɗaura wa uwar aure da wani mazaunin Jidda, za ta tare bayan Sallah, kuma labari ya iso mini cewa an fara nema wa yarinyar fasfo. Ba a nemi izinina ba, ba mu kuma taɓa zuwa kotu kan riƙo ba. Wace kotu zan je, me zan roƙa, kuma ana iya fitar da ita ba da sa hannuna ba?

Lauyan Ƙofar Soro:

Wa alaikumus salam, Malam. Duk abin da za ka yi, yi shi tun yarinyar tana cikin Najeriya. Akwai yarjejeniyar Hague ta 1980 wadda ƙasashe ke mayar wa juna yaron da aka fitar ba da yardar ɗaya daga iyayensa ba, amma Najeriya ba ta ciki, Saudiyya ma haka, Nijar ma haka. Ranar da jirgi ya tashi da ita, odar alƙalin Katsina ba ta da hannun da zai kai Jidda. Sai dai ka je can ka ɗauki lauya ka faro daga tushe.

Tunda auren Musulunci ne, kotun shari'a za ka je, wadda ke da hurumi a unguwar da uwar take zaune. Wanda ya yi auren rajista shi ne ke zuwa Babbar Kotun Jiha, ƙarƙashin dokar aure ta 1970. Idan hukunci bai yi maka ba akwai ɗaukaka ƙara har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba hurumi kan waliccin yara.

Abu biyu za ka shigar tare. Na farko ainihin ƙarar riƙon yarinya. Na biyu roƙon gaggawa cewa kotu ta hana fitar da ita daga Jihar Katsina har a gama shari'a, a ajiye fasfonta wurin rajistaran kotu in an riga an yi, in kuma ba a yi ba a umarci hukumar shige da fice kada ta bayar sai da izinin kotu. Mutane da yawa na farkon kawai suke shigarwa, a kai sammaci, a ɗaga zama zuwa mako uku, kafin ranar an tafi. Sammaci shi kaɗai ba ya hana tafiya, sau da yawa ma shi ke sa a gaggauta ta.

Ka tafi da takardar saki, takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, hoton yarinyar na kwanan nan, da duk shaidar cewa tafiyar gaskiya ce: saƙon WhatsApp, katin ɗaurin aure, ko mutumin da ya ji da kunnensa kuma zai iya tsayawa gaban alƙali. "An ce mini" ba ta isa a ba ka oda. Ka haɗa da shaidar ciyarwa, wato rasitin makaranta, na asibiti, da alat na kuɗin da kake turawa. Tambayar farko da ɓangarenta zai jefa maka ita ce yaushe rabonka da ciyar da ita, kuma uban da ya yi wata 8 bai aika ko kwanon masara ba yana shan wuya a wannan gaɓar. In akwai bashin ciyarwa a kanka, biya kafin ka shiga.

Odar gaggawar nan, da ake bayarwa ba tare da an ji ɗaya ɓangaren ba, ta 'yan kwanaki ce kawai. Dole a kai wa uwar takardu a dawo a saurare ta, sannan a tsawaita. Kada ka ɓoye wa kotu komai a takardar rantsuwa, don ƙarya ɗaya ta isa a soke odar.

Almajirin Malam, Daura:

Barista ya yi bayanin hanya, bari in ƙara ɓangaren fiƙihu, don da shi alƙali zai yi hukunci. A mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancantar reno bayan saki: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Saboda haka kada ka shiga da cewa 'yarka ce sai a ba ka. Wannan ba hujja ba ce, kowa ya san 'yarka ce.

Hujjojinka biyu ne, duka suna cikin Mukhtasar na Shaihu Khalil, babin ciyarwa da reno. Na ɗaya, idan mai reno ta auri wanda ba muharramin yarinya ba kuma ta tare, haƙƙinta ya faɗi. A lura, da tarewa yake faɗuwa, ba da ɗaurin aure kawai ba. Na biyu, idan mai reno za ta yi tafiyar ƙaura, ba ta ziyara ko fatauci ba, mai nisan baridi 6 ko fiye, waliyyin yaron, wato kai uba a nan, yana da ikon karɓar sa. Baridi ɗaya mil 12 ne, ke nan mil 72, sama da kilomita 110. Jidda ta wuce wannan nesa ba kusa ba. Amma ga masu irin wannan matsala da Maraɗi, su sani daga Katsina zuwa can bai kai wannan nisa ba, don haka sai su jingina da wata hujjar, kamar karatun yaro da wahalar ganinsa a wata ƙasa.

Inda iyaye maza ke tuntuɓe shi ne zaton cewa da zarar haƙƙin uwa ya faɗi saboda aure, yarinya ta dawo gidan uba. A'a. Kakarta ta wajen uwa ce ke biye, da sharaɗin ba gida ɗaya take zaune da uwar ba, sannan innarta, wato 'yar'uwar uwarta, uba yana can baya a jeri. Namiji kuma ba a ba shi reno sai yana da macen da za ta kula da yaron, matarsa ko mahaifiyarsa. Shi ya sa nake ganin roƙon da ya fi ƙarfi shi ne yarinyar ta zauna a Katsina wurin kakarta, kai kana ciyarwa kana ganinta. Alƙali zai fi saurin karɓar wannan fiye da a cire 'yar shekara 6 daga dangin da ta saba da su rana ɗaya. Kuma kada a yi jinkiri, don wanda reno zai koma wa idan ya san da tarewar ya yi shiru har shekara, haƙƙinsa ya tafi.

Abu Hafsa, Katsina:

Allah ya saka da alheri. To in na samu odar, shi ke nan an rufe mata hanya?

Ɗan Magama:

Ba a rufe ba, ɗan'uwa, sai ka bi ta da ƙafarka. Karɓi kwafin da kotu ta buga wa hatimi, aƙalla 4. Masinjan kotu ya kai wa uwar ɗaya hannu da hannu, ya rubuta shaidar kaiwa. Ɗaya ofishin kwanturolan shige da fice na jiha, ɗaya hedikwatarsu a Abuja tare da wasiƙar lauya mai ɗauke da cikakken sunan yarinya, ranar haihuwa, lambar NIN da hotonta. A kowane ofis ka sa a buga maka hatimin karɓa a naka kwafin. Suna shi ne ke ɓata aiki: an rubuta Hafsat a oda, fasfo ya fito da Hafsatu da sunan kaka a madadin na uba, kwamfuta ba za ta haɗa su ba.

Ana neman takardar amincewar iyaye kafin a yi wa yaro fasfo, amma kada ka kwanta a kan cewa sai da sa hannunka. Rubuta musu tun yanzu cewa ba ka amince ba.

Filin jirgi ya fi sauƙin tsarewa, na Katsina ko na Kano. Iyakar ƙasa ce matsala. Bayan Jibiya da Kwangwalam da Babban Mutum akwai ɓarayin hanyoyi da babur ke bi cikin gonaki, ba mai tambayar takardar yaro. Maganin wannan shi ne a roƙi kotu ta sa waliyyin uwar, mahaifinta ko yayanta, ya tsaya mata a rubuce cewa zai kawo yarinyar duk ranar da aka nema.

Hajiya Umma, Katsina:

Ɗana, kada ka je makaranta ka ɗauke ta, kada ka tura 'yan sanda gidan surukanka. 'Yan sanda ba sa yanke riƙon yaro, kuma ɗaukar ta da ƙarfi zai juyo kanka a kotu, ga firgicin da za ka sa wa yarinya. Ka shigar da ƙararka, amma ka tura manya wurin mahaifinta a rana guda. Idan an daidaita, ko ta zauna wurin kaka ko ta riƙa zuwa wa uwarta hutu, a rubuta dalla-dalla: watan da za ta tafi, ranar dawowa, mai biyan kuɗin jirgi, wanda zai riƙe fasfo, ranakun waya. Sannan a kai gaban alƙali ya mayar da shi hukunci, don sulhun zaure da baki ba ya tilasta kowa. Uwa ce ita ma, rabuwa da 'yar shekara 6 ba ƙaramin abu ba ne gare ta, ka bar mata ƙofar ganin 'yarta a buɗe cikin abin da za ka roƙa.

Lauyan Ƙofar Soro:

Na goyi bayan Hajiya, da gyara ɗaya: a fara samun odar kafin manya su tafi, ko da da kwana ɗaya ne. In kuɗin lauya ne damuwa, ka fara leƙa ofishin Legal Aid da ke Katsina, hukumar da ke taimaka wa marasa ƙarfi da lauya, ana kuma iya shigar da ƙara a kotun shari'a ba tare da lauya ba. Ka je wurin rajistara ranar Litinin da safe da takardun nan.