Sauya launin cikin mota a zafin Maraɗi: abin da ke kamawa da abin da ke ɓarewa

Baban Nafisa, Ali Ɗan Sofo

Assalamu alaikum jama'a. Corolla ce ƴar Kwatano, cikinta ruwan ƙasa mai haske. Rana ta cinye tablo (allon gaban direba), bangon ƙofofi ya yi dabbare-dabbare. Ana so a mayar da cikin toka-toka mai duhu ko baƙi. Masu fenti, masu kushin da duk wanda hannunsa ya taɓa wannan aiki, kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa: me ake saya, da me ake farawa, a ina ake yin ɓarna.

Mai Fenti na Zariya

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin a sayi ko gwangwani ɗaya, a kwance bangon ƙofa guda a juya bayansa. Yawancin robobin mota suna da rubutu da aka buga tun daga masana'anta, tsakanin alamu biyu masu kama da bakin kibiya: >PP<, >ABS<, >PC+ABS< ko >PP+EPDM-T20<. Rubutun nan shi zai faɗa maka abin da za ka saya. Mu duk roba muke ce musu, amma fenti ya san bambancinsu.

ABS mai sauƙin kai ce. An fi samunta a kewayen rediyo, bakin iskar kilim (na'urar sanyaya mota) da faifan maɓallan gilashi. Tana karɓar fenti ba gardama. Aibinta ɗaya, tina mai ƙarfi da asetan suna narkar da ita. Ka goga sau ɗaya, fuskar ta yi laushi, zanen ya baje, kuma ba ya dawowa.

PP ce mai taurin kai, ita kuma ta fi yawa: ƙasan bangon ƙofa, murafan ginshiƙai, akwatin gaban fasinja, gefen wurin giya. Fuskarta kamar an shafa mata kakin zuma. Fentin da aka fesa mata kai tsaye zai bushe ya yi kyau, mai mota ya biya ya tafi, bayan sati biyu farce kawai zai sa ya taso kamar ɓawon albasa. Sai an fara fesa mata wani ruwa garai-garai marar launi da ke haɗa ta da fenti. Gwangwanin da ke da rubutun Faransanci za ka ga primaire plastique, wanda ya biyo ta Kano an rubuta adhesion promoter. Wannan ba shi ne farin ko tokan da ake fesa wa ƙarfen jikin mota kafin fenti ba, kada mai shago ya ce maka duk ɗaya ne.

Na ukunsu saman tablo mai laushi da wurin ɗora gwiwar hannu a ƙofa. A tsofaffin motoci galibi fatar PVC ce a kan soso. A cikinta akwai wani mai da ke sa ta laushi, kuma in aka fesa mata fentin ƙarfe na yau da kullum, man yakan taso ya shiga fentin. Shi ya sa za ka ga tablo wata uku da fenti yana danƙo, ƙura ta manne masa kamar an barbaɗa gari. Nata fentin daban ne, mai lanƙwasuwa, irin su SEM Color Coat, Dupli-Color Vinyl & Fabric ko na VHT.

Ɗan Tibiri

In babu rubutu a baya, a yanko ɗan ƙanƙane daga inda ba a gani a jefa a kofin ruwa. PP tana tasowa sama, ABS tana nutsewa.

Mai Fenti na Zariya

Haka ne ƙanena, amma da sauran magana. T20 ɗin can yana nufin an cakuɗa garin dutse mai laushi kashi 20 cikin 100 a robar, nauyinta ya ƙaru, sai ta nutse alhali PP ce. Wadda ta taso, ka tabbata. Wadda ta nutse, ka ɗiga mata asetan a baya: ta yi danƙo ABS ce, ta yi biris PP ce.

Malam Na Bagalam

Ni wanki zan yi magana a kai, don fentin da ya lalace, sau da yawa ba laifin gwangwani ba ne. Man da yaran wankin mota ke shafa wa tablo don ya yi ƙyalli yana da silikon. Shekara da shekaru ana shafawa, ya shige cikin zanen robar. Ka fesa fenti a kansa, nan take za ka ga ƙananan ramuka zagaye-zagaye kamar idon kifi, fentin yana gudu daga tsakiyarsu. Ƙara fenti ba ya rufe su, sai dai ramin ya ƙara zurfi.

A fara da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka da buroshi mai ɗan tauri, a cuɗa har cikin zanen, a ɗauraye, a maimaita sau biyu ko uku. Alamar an gama: ka watsa ruwa, in ya shimfiɗu ya jiƙa ko'ina, ya fita. In ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, da saura. Bayan ya bushe sarai a goge da alkol, da farin ƙyalle marar gashi, ana jan hannu gefe ɗaya ana juya ƙyallen, ba a yi ta murzawa ana mayar da dattin inda ya fito ba.

Kada a yi wankin da fetur. Na san shi ne a kusa, ga shi nan a kwalba bakin titi, amma yana barin maiƙo, wani ma an gauraya shi da abin da ba a sani ba.

Sai kankara, bayan wanki, ba kafinsa ba, in ba haka ba sanfefa za ta tura silikon ɗin cikin roba. Roba mai santsi, sanfefa lamba 600 zuwa 800. Mai zane kuwa, soson kankara na Scotch-Brite mai launin toka, da sassauƙan hannu, ƙyallin kawai ake son kashewa. Lamba 180 ko 240 a kan PP tana tayar mata da gashi, kuma gashin nan zai fito ta cikin fenti. A sake gogewa da alkol. Daga nan ba a taɓa fuskar da hannu tsirara.

Masu Golf 4 da Passat na zamaninta, wannan baƙin danƙon da ke kama yatsa a hannun ƙofa da kewayen giya wani shafi ne mai laushi da zafi ya ruɓar. Sai an cire shi kakaf da alkol da haƙuri. Fenti a kansa ɗinki ne a kan ruɓaɓɓen zane.

Direban Ɗan Isa

Alhaji, a yi tunani kan launin saman tablo. Fari ko ruwan madara yana haskowa a gilashin gaba, da tsakar rana hanya ta zama kamar ana kallonta ta cikin labule. Baƙi mai ƙyalli ma haka, da yamma in ka fuskanci faɗuwar rana kan hanyar Gidan Rumji, idonka zai faɗa maka. Masu ƙera mota ba don rowa suke yin saman tablo da duhu marar ƙyalli ba. Ƙyalli a bar shi ga ƙananan kayan ado na ƙasa.

Mai Wayar Mota, Sabon Gari

Kafin a taɓa tablo, sitiyari ko kujera: a kashe mota, a cire kan batir na ƙasa (mai alamar −), a jira. Littattafan gyaran Toyota sun ce aƙalla daƙiƙa 90, ni dai na fi son minti 5. Duk soket mai launin rawaya na jakar iska ne, wadda ke kumbura ta kare mutum in an yi hatsari. Kada a kunna makulli alhali an cire shi, fitilar gargaɗin jakar iska za ta kama a tablo, a motoci da yawa kuma ba ta mutuwa sai an sa na'ura.

Murfin jakar iska, na sitiyari da na gefen fasinja, an yi masa siririn layi ta ciki inda zai tsage. Ba a liƙa masa leda, ba a ja masa fata, ba a lafta masa fenti mai kauri. A Corolla da yawa murfin fasinja a jikin tablon yake, don haka masu son ja wa tablo fata gaba ɗaya su sani. Bel ɗin kujera ma ba a rina shi.

Wasu motocin suna da ɗan ƙaramin ido a saman tablo kusa da gilashi, na auna rana ko na kunna fitila. A cire shi ko a rufe da tef. Maɓallan da rubutunsu ke haske da dare kuwa, in ka fesa musu fenti ka rufe hasken ke nan.

Mai Fenti na Zariya

To, feshin kansa. Fentin gwangwani ya fi son zafin da bai wuce digiri 25 ba sosai, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40. A irin wannan zafi fentin yana bushewa a iska kafin ya sauka, sai fuskar ta yi garas-garas kamar yashi. Don haka aikin na bayan asuba ne zuwa hantsi, a inuwa, robar da sanyinta. Da hunturu matsalar ƙura ce: roba da aka goge da busasshen ƙyalle tana jan ƙura da kanta. A yayyafa ruwa a ƙasan rumfa, a kewaye da tamfal. Da damina, in an fesa dab da ruwa ko bayansa, danshi yana sa launin ya yi fari-fari kamar hazo.

A girgiza gwangwani minti 2 bayan an fara jin ƙarar ƙwallon ciki. Tazara santimita 20 zuwa 25, kusan taƙi ɗaya. Ruwan haɗin nan shafi ɗaya ko biyu marasa kauri, sannan launi ya biyo cikin lokacin da aka rubuta a jikin gwangwanin, ba a bar shi ya kwana ba. Shafin launi na farko kamar hazo, ana hango tsohon launi ta ƙasa, kada wannan ya dame ka. Minti 5 zuwa 10 tsakani, shafi uku ko huɗu. Mai gaggawar rufewa a shafi ɗaya shi ke cike zanen robar, ta koma kamar bokitin kasuwa, ga hawaye na zubowa.

Ga ƙaramar mota, daga haske zuwa duhu, a ƙiyasta gwangwani 6 zuwa 8 na launi masu 400 ml, da 2 ko 3 na ruwan haɗi. A saye su rana ɗaya, kamfani ɗaya, don baƙi ma iri-iri ne. Daga duhu zuwa haske ya fi cin fenti, kuma duk ƙarzanewa sai ta nuna.

Sani Sitika

Maigida, ku masu fenti ba kwa son a ambaci ledar liƙawa mai launi, amma ga kayan ado masu santsi ta fi tsafta, kuma in an gaji da ita a ɓare. Sharaɗi, a sami mai kyau irin 3M 2080, a naɗe bakin ya zagaya baya da kamar santimita 1, a shafa Primer 94 (ruwan ƙara wa gam kamu) a lunguna, bayan an gama a bi inda aka ja ta da bindigar zafi har wajen digiri 90 don ta manta surarta ta farko.

Mai Fenti na Zariya

Ban ƙi ba, Sani, ga masu santsi. A roba mai zane ba ta zama, gam ɗin kan tudun zanen kawai yake taɓawa. Kuma ledar allon talla da aka fi samu a gari tana tsukewa. Motar da aka rufe a rana, tablonta yana iya wuce digiri 70, kafin wata biyu bakin ya janye, gam ya fito.

Tsoho Mai Kushin, Mokoyo

Ƴaƴana, wanda ya mayar da ƙofofi baƙi ya bar rufin sama da kujeru ruwan ƙasa, ya yi rabin aski. Yadin rufin yana da siririn soso a baya, shi ke ruɓewa yadin ya zazzago. Ba a mayar da tsohon. A sauke allon, a kankare soson da buroshi har ya fita tas, a sami sabon yadi mai sosonsa, da gam mai jure zafi. A shafa wa allo da yadi, a jira har ya daina kama yatsa, a shimfiɗa rabi-rabi daga tsakiya da tafin hannu. Kan yatsa yana barin rami. Gam da ya yi yawa yana hudowa ya yi tabo.

Yadin tsakiyar ƙofa ma sauya shi ya fi fesa shi, fenti yana sa shi tauri kamar buhu. Kujerar fata tana da nata rinin mai haɗin ruwa, shafi-shafi da soso, sannan abin rufewa a sama. Man goge takalmi kuwa, a tambayi mai farar babbar riga da ya zauna a kai ranar Juma'a.

Baban Nafisa, Ali Ɗan Sofo

Allah ya saka da alheri. Bayan feshi, yaushe ake mayar da kayan?

Mai Fenti na Zariya

Zai bushe a hannu cikin rabin awa, amma kada wannan ya ruɗe ka, Alhaji. A ba shi kwana biyu a inuwa. Tun farko a fesa wani ɗan yanki na gwaji tare da sauran, ranar mayarwa a tsaga masa layuka da reza a gicciye, a danna tef mai ƙarfi a fizge. In fenti ya biyo tef, akwai gyara a wanki ko a ruwan haɗi, gara a gani yanzu. A tanadi sababbin ƙusoshin roba na bangon ƙofa, tsofaffin rana ta gasa su, wasu sai sun karye wajen kwancewa. A mayar da ledar da ke tsakanin ƙarfen ƙofa da bango, ita ke tare ruwan damina. Sati biyun farko ba sabulu, ba mai, sai ƙyalle mai danshi, kuma a gaya wa yaron wanki da baki, don hannunsa ya riga ya saba da kwalbar man ƙyallin nan.