Bel ɗin injin goge gefen katako yana ta zamewa, ina neman shawara

Assalamu alaikum iyayen gidana kafintoci. Wata biyu ke nan da na sayi injin goge gefen katako na hannu, wato wanda wani ya taɓa amfani da shi, irin wanda bel ɗin samfefa ke gudu yana kuma hawa da sauka. Bel ɗinsa inci 6 ne a faɗi, 89 a tsawo. Na saye shi don gefen ƙofofi da na teburi, saboda gugar hannu ta ishe ni.

Matsalar ita ce, in na kunna shi ba katako, bel yana zama daram a tsakiya. Da na manna katako sai ya soma gangarowa a hankali har ya taɓa ƙarfe, bakinsa ya yage. Bel uku na yi asara, kuma kun san kuɗinsu yanzu. Na juya makunnin saiti ta kowane ɓangare, na ƙara ɗaure bel, na kankare gam da ƙurar da suka daskare a jikin rola. Duk a banza.

Abin da ya fi ci min rai shi ne baƙin tabon ƙuna da yake bari a jikin maɗaci, ko da samfefa mai kaushi lamba 80. Jiya sai da na sake ƙofar wani bawan Allah.

Da na cire bel, na ga baƙar shimfiɗa mai santsi da ke bayansa ta lotsa a tsakiya, kuma rolar ƙarshe tana ɗan girgiza in na kama ta. Shimfiɗar ce ke jawo haka, ko boris ne ya mutu? Wanne zan fara canjawa?