Ciwon Chagas: yaya ake gane wanda ke cikin haɗarin mutuwar fuju'a?

Ummu_Safiyya: Salamu alaikum, likitoci. A masu ciwon zuciya na Chagas a Kudancin Amurka, fiye da rabin mace-macen na fuju'a ne, wasu ma ba su taɓa kukan haki ba. Da me ake ware wanda ke cikin haɗari? Makin Rassi ya wadatar?

Dakta_Bala: Wa alaikumus salam, Malama. Ƙwayar Trypanosoma cruzi, 'yar'uwar mai kawo ciwon barci a Afirka, tana shiga jiki ta kashin wani ƙwaro mai shan jini. Bayan shekara 10 zuwa 30, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na masu ita sai tabo ya cika naman zuciyarsu, kuma a tabon nan bugun banza ke tashi.

Makin Rassi, lissafin maki da ke hasashen haɗarin mutuwa ga mai Chagas, ya fito ne a 2006, daga marasa lafiya 424 a Burazil. Ga yadda ake ba da makin. Haki mataki na 3 ko 4, wato mai zuwa da ɗan motsi ko ma ana zaune, maki 5. Zuciya ta wuce rabin faɗin ƙirji a hoto, 5. Bangon zuciya ba ya motsi daidai a eko (hoton zuciya da sauti), 3. Gudun bugu daga ɗakunan ƙasa na zuciya a Holter (na'urar naɗar bugun zuciya da ake ɗaura wa mutum) na awa 24, wato bugu uku ko fiye a jere da bai kai daƙiƙa 30 ba, 3. Ƙarancin tsayin QRS (alamar bugu a zanen lantarkin zuciya), 2. Namiji, 2. Mai maki 0 zuwa 6, kashi 10 ne suka rasu cikin shekara 10; mai 7 zuwa 11, kashi 44; mai 12 zuwa 20, kashi 84.

Dakta_Rabi: Dakta Bala ya kawo lissafin daidai, sai dai mutuwa gaba ɗaya makin yake hasashe, ba ta fuju'a kaɗai ba. Nan ake tafka kuskure. A wasu cututtukan zuciya ana jiran ƙarfin turawar jini, wato kason jinin da zuciya ke fitarwa a kowane bugu, ya faɗi ƙasa da kashi 35 kafin a damu. A Chagas mutum na iya samun ƙarfi mai kyau, amma da ɗan tabo a bangon ƙasa da gefe na ɗakin hagu, ko kumburin jaka a tsinin zuciya, kuma wannan ya ishe shi ajali. Don haka duk wanda ya suma, ko makinsa 2 ne, a ɗauke shi da muhimmanci: a maimaita Holter, a sa shi gwajin motsa jiki, in da hali a yi hoton MRI da gadoliniyom, sinadarin da ke fito da tabo. Wani bincike na 2018 a Sao Paulo ya nuna haɗari na ƙaruwa idan tabon ya kai giram 12.3.

A kula da aunawa ma. Hoton ƙirji da aka ɗauka mutum na kwance yana ƙara girman zuciya, sai a ba shi maki 5 da bai ci ba. Shi kuma tsinin zuciya, in ba a karkata kan na'urar eko da gangan ba, kumburin ɓuya yake yi.

Ummu_Safiyya: Na gode, Dakta. To in an gano mai haɗarin, sai me?

Dakta_Bala: Wanda zuciyarsa ta taɓa tsayawa aka farfaɗo da shi, ko gudun bugun ya zarce daƙiƙa 30, a dasa masa ICD, na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki ta daidaita bugu, galibi tare da amiodarone, maganin daidaita bugu, don rage yawan girgizar na'urar. Maganin kashe ƙwayar ba zai tare wannan ba: gwajin BENEFIT na 2015, mai mutum 2,854, ya nuna benznidazole bai hana zuciyar da ta riga ta taɓu ci gaba da lalacewa ba. Mai shan amiodarone kuwa, a riƙa duba masa hanta da tayirod (ƙullin maƙogwaro) duk wata shida, a kuma sa ido kan jinkirin bugu, don Chagas kan lalata hanyoyin lantarkin zuciya tun kafin magani ya ƙara nasa.