Abin da aka tattauna kan Michael Coleman mai goge

Jama'a hirar da aka yi kan Michael Coleman, mai kiɗan gargajiyar Ireland da goge irin na Turawa, ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kowa ya yarda Coleman ɗan Killavil ne a yankin Sligo na ƙasar Ireland, an haife shi 1891, ya tafi Amurka 1914, ya rasu a New York 1945.

2. Faifan garmaho da ya fara yi a 1921 su suka ɗaga shi, ana aikowa da su gida Ireland yara suna kwaikwayo.

3. Mai koyo ya fara da kunne, ya rage gudun waƙar ya yi ta ji kafin ya taɓa goge, kar ya ce zai kamo saurin Coleman tun farko, hannu zai rikice kawai.

4. Nan aka rabu. Wasu sun ce faifansa ne suka raya kiɗan gargajiyar Ireland, wasu kuma sun ce sun danne salon wasu yankuna don kowa ya koma kiɗan Sligo, ni dai ina ganin duka biyun da gaskiyarsu.

5. Masu fiyanon da ke raka shi a wasu faifan kam, kusan kowa ya ce a yi haƙuri da su.