Ko daina ƙera bindiga yana ƙara mata daraja idan aka tashi sayarwa?

Abu Sulaiman, Jidda

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyayenmu da yayyenmu da suka jima a harkar farauta da tara bindigogi. Wani abokin aikina yana so ya rabu da bindigarsa ƙirar CZ 452 mai cin harsashin .22 LR, wadda ya saya sabuwa, kuma a cewarsa bai yi harbi da ita sosai ba. Kuɗin da ya sa mata ya zarce na sabuwar CZ 457, hujjarsa kuwa ita ce kamfanin ya daina ƙera 452, saboda haka duk wanda ya riƙe ta yanzu zai sayar da riba nan da 'yan shekaru. Ni ɗan ƙasar Saudiyya ne, ina da lasisi, kuma ta hannun hukuma za a mayar da ita sunana. Shin maganarsa tana da tushe, ko kuwa bakin mai neman kasuwa ne kawai?

Alhaji Abu Maryam, Riyad

Wa alaikumus salam, ƙanena. Daina ƙera bindiga shi kaɗai ba ya ɗaga farashinta. Sai an ga mutane sun ƙi wadda ta gaje ta, sun koma neman tsohuwar ruwa a jallo, sannan kuɗinta yake hawa. Misalin da masu tara bindigogi suka fi kafa hujja da shi shi ne Winchester Model 70 ta Amurka. Daga 1936 zuwa 1963 ana ƙera ta da wani babban ƙugiya da yake kama harsashi tun daga ma'ajiyarsa har ya shiga bututu, amma a 1964 kamfanin ya sauya tsarin domin rage kuɗin aiki, maharba kuma suka ga an rage mata inganci. Wannan ne ya sa har yau ake raba su gida biyu, ta kafin 1964 da ta bayanta, kuma ta farkon ta fi tsada. Duk da haka an ƙera ta farkon sama da dubu 500, don haka wadda take kawo kuɗi mai kauri ita ce mai harsashin da ba a ƙera da yawa ba, ko wadda ba a taɓa yi wa kwaskwarima ba.

Akwai kuma haɗarin da mai sayarwa ba zai gaya maka ba, wato kamfani yana iya dawo da abin da ya daina. An rufe masana'antar Winchester ta New Haven a 2006, mutane suka yi rububin saye suna cewa an gama, sai ga Model 70 ta dawo kasuwa a 2008, daga baya kuma masana'antar Miroku ta Japan ta ci gaba da ƙera wata bindigar Winchester ɗin, Model 94. Haka bindigogin Marlin: bayan karayar arzikin kamfanin Remington da ya mallake su a 2020, kamfanin Ruger ya saye sunan, ya fitar da sabuwar Marlin ƙirar 1895 a ƙarshen 2021. Wanda ya saya da tsada a tsakanin, yana zaton ba za a ƙara ganinta ba, jikinsa ya gaya masa.

Game da 452, an ƙera ta shekara da shekaru, ta bazu a duniya, ba ta yi ƙaranci ba. Kuma 457 da ta fito a 2019 ta samu karɓuwa wajen maharba. Ban ga dalilin da za ka biya fiye da kuɗin sabuwa ba.

Abu Nasir, Madina

Alhaji ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai, tare da girmamawa, ina ganin ya ɗan rage wa 452 matsayinta. Asalinta daga bindigar Brno Model 2 ne ta shekarun 1950, kuma a ƙirar .22 LR bututunta murɗa shi aka yi a cikin jikin bindigar, ba kamar 455 da ta biyo bayanta ba, wadda aka yi domin a riƙa cire bututu ana sauya wani. Akwai maharba da yawa da suka fi son tsohon tsarin, kuma irin waɗannan ne za su nemi taka. Ba za ta ninka kuɗinta ba, amma da wuya ta yi kwantai a hannunka idan tana da lafiya.

Lafiyar tata ce abin dubawa, Abu Sulaiman, musamman da yake a Jidda take. Iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfe a ɓoye. Ka sa a kwance kusoshin da suka haɗa ƙarfen da katakon, ka duba ƙarƙashin bututun inda ido ba ya kaiwa, domin a nan tsatsa take fara yin ƙananan ramuka alhali sama yana ƙyalli. Ka zare sakatar da take tura harsashi cikin bututu, ka tabbatar babu harsashi a ciki, sannan ka haska fitila ta baya ka leƙa: layukan da suke murɗawa a cikin bututun ya kamata su fito tas, ba tare da wani duhu ko zobe a tsakiya ba. Ka duba kan kusoshin ko an taɓa ci musu baki da sukudireban da bai dace ba. Idan ka ga katakon ya fi shekarunsa sheƙi, to an kankare shi an sake shafa masa mai, kuma mai tara bindigogi ya fi son tabon asali a kan gyaran da aka yi daga baya. Kwalinta, takardunta da ma'ajiyar harsashinta ta asali duk suna shiga cikin lissafi.

Malam Abu Huzaifa, Makka

Ina so in ƙara abu biyu da ba su shafi ƙarfen ba. Na farko, farashin da ake gani a gwanjon Amurka ba shi ne namu ba. A nan dokar makamai da harsasai ta shekarar 1426 Hijiriyya ita ce take aiki, ba za ka sayar wa kowa ba sai wanda Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta yarda ya mallaka, kuma sai an sauya suna a hukumance. Masu sayenka ke nan ba su da yawa, kuma mafi yawansu suna iya jiran baje kolin shahuna da farauta da ake yi a Malham, arewa da Riyad, su sayi sabuwa daga hannun dillali mai izini. Haka kuma lasisin mallaka daban yake da na fatauci, saboda haka kada saye da sayarwa ya zame maka sana'a ba tare da izininsa ba.

Na biyu, idan da niyyar riba ka saya, ta zama hajar kasuwanci, zakka tana iya hawa kanta. A mazhabar Malikiyya, wanda ya ajiye haja yana jiran tashin kasuwa yana fitar da zakkar shekara ɗaya ne bayan ya sayar, idan kuɗin ya kai nisabi, sauran mazhabobin kuwa suna cewa a yi mata ƙima duk shekara.

Abu Sulaiman, Jidda

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Zan nemi ya bari mu kwance katakon a gabansa kamar yadda Yaya Abu Nasir ya ce, kuma tayin da zan yi masa ba zai kai kuɗin sabuwar 457 ba. Malam, idan na saye ta da niyyar harbi da ita a filin horo, sannan daga baya na sayar, shin hukuncin zakkar yana nan yadda ka faɗa?